Gwaibar Gindin Tanki

Yayan mahaifina ne, amma ni ma Baba Ya-Cika nake ce masa, kamar kowa a garinmu. A gindin tankin ruwa ya sami sunan. Shekara da shekaru aikinsa ke nan: da hantsi ya buɗe ɗan ɗakin inji, ya ɗaga makunni, inji ya shiga tura ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tankin da ke bisa ƙarafa. Sai ya jawo kujerarsa, wadda aka ɗaure wa ƙafa da waya, ya zauna. Tankin ba shi da ma'auni. Ba a sanin ya cika sai ruwa ya ɓullo ta wani ɗan bututu a gefe ya zubo ƙasa. Nan Baba zai ce, "Ya cika," ko da babu kowa a wurin sai awaki.

Sai dai faɗa daban, kashewa daban. Baba zai tsaya neman takalminsa, alhali ga shi nan a gabansa. Ya gyara hula, ya gaisa da mai wucewa har da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ruwa kuwa yana ta zuba. Ba wanda ya taɓa yi masa magana, don mun san dalili. Daidai inda ruwan ke sauka akwai itacen gwaiba, kuma matarsa, Innarmu, ita ta dasa shi a shekarar da ta rasu. Allah bai ba su haihuwa ba. Gwaibar nan ita ce abin da ta bar masa mai rai.

Tsufa ya zo. Ran da ciwon baya ya kwantar da Baba, tanki ya wuni a bushe, mata su yi ta jeka-ka-dawo da bokiti. Ran da ya fito kuma gyangyaɗi ya sace shi, ruwa ya malale har hanya. Da kwamitin ruwa ya ce a kawo na'ura, ban ga laifinsu ba, ni ma na sha jiran layi.

Mai haɗa na'urar mutum ne mai ladabi. Ya durƙusa ya nuna wa Baba wata 'yar ƙwallo baƙa mai waya a jiki.

"Baba, wannan a kan ruwan za ta riƙa yawo. In ya yi ƙasa ta kunna inji, in ya hau ta kashe. Ka huta. Ko ɗigo ba zai ƙara zuba ba."

"Ko ɗigo?" in ji Baba.

"Ko ɗigo, Baba."

Mutumin yana ta murmushi, shi a ganinsa albishir ya yi. Ni kuwa da na dubi fuskar Baba sai zuciyata ta karye.

Ƙwallo ta yi aikinta, ba ta ciwon baya, ba ta gaisawa da kowa. Ruwa ya wadata. Baba bai fasa zuwa ba, yakan zauna a kujerarsa ya ji inji ya tashi ya mutu ba da izninsa ba. Da rani ya tsananta, ganyen gwaiba ya fara naɗewa yana kaɗowa. Ya gwada kai mata ruwan tulunsa a bokiti, baya ya ce bai san zancen ba.

Na ce, "Baba, bari in riƙa ɗebo mata a famfo."

"A'a, 'yata. Ruwan shan jama'a ne. Da can da kansa yake zuba."

"Da kansa, Baba?"

Ya kau da kai yana gyara hula.

Matar tela ce ta warware mana, mace mai baki kamar reza. Kowace mace kafin ta tara bokiti sai ta ɗauraye shi, ta watsar a gefen famfo, wurin ya zama caɓi. Wata safiya ta ɗauraye nata, ta tako har gindin gwaiba ta juye. Baba ya buɗe baki zai hana.

"Na zubarwa ne, Baba. Ko shi ma sai an nemi izinin kwamiti?"

Ta bayanta ta bi sahu, ta bayanta ma haka. Na lura tun daga ranar bokitan garinmu suka zama masu datti ƙwarai, wani sai an ɗauraye shi sau biyu.

Yanzu gwaiba ta yi sabon toho. Jiya ina layi, Baba yana zaune yana kallon ramin da ya zagaye mata da sandarsa, ruwa yana hawa a hankali har ya kai baki. Ya daɗe bai faɗi kalmar nan ba, sai na ji ya faɗe ta can ƙasa-ƙasa.

"Ya cika."

Matar tela tana tsaye a kansa da bokiti a hannu. Ta ce, "To Baba, nemi takalminka tukuna." Ta juye sauran.