Injin Ƙarshe da Haruna Ya Kafa

Yau shekara bakwai da rasuwar ƙanena Haruna, a hatsarin mota tsakanin Masaka da Keffi, yana dawowa daga aiki a Abuja. Har gobe idan mota ta kawo ni wurin, sai na sunkuyar da kai.

Ni malamar firamare ce, ban taɓa gane aikinsa sosai ba. Ya ce duk wanda ya taɓa manhajar kamfaninsu a waya, saƙonsa sai ya bi ta wasu injina kafin ya isa inda za shi, kamar yadda baƙo ke bi ta zaure. Shi ke lura da injinan ta wani shafin intanet: ya ƙara wannan, ya hutar da wancan, ya raba musu kaya. Na ce ashe duk karatun nan maigadi aka yi mana. Ya yi dariya har da ƙwalla.

Abin da ke ci mini rai shi ne, shafin nan ko a barandar gidanmu yana buɗe shi. Amma ogansu na lokacin sai ya ga fuska yake yarda ana aiki, don haka kullum Haruna na cikin cunkoson Mararaba. Yanzu an faɗaɗa hanyar, gonakin bakin titi sun zama gidajen haya, abokan aikinsa kuma daga ɗakunansu suke aiki. Da yana nan me zai ce? Na san shi, ba zai yi ƙorafi ba. Ni ce nake yi a madadinsa.

Ya bar 'ya ɗaya, Zainab, tana da shekara uku. Ko muryarsa ba ta tunawa. A bana ta tsare ni da tambaya: "Gwaggo, wane irin mutum ne babana?" Na ce mutumin kirki, ta ce ai haka ake faɗa a kan kowane mamaci. Ta yi gaskiya. Manomi kan bar gona, tela ya bar keke, shi kuwa me zan ɗauko in nuna mata? Tsoro ya kama ni kada yarinyar nan ta girma ba ta san komai nasa ba sai hoto.

Ana nan sai Bulus, abokin aikinsa ɗan garin Panda, ya kira ni. Ya ce za a kashe injin ƙarshe da Haruna ya kafa, ya tsufa. Ran Asabar ya zo da kwamfutarsa, muka zauna kan tabarma, ya nuna wa Zainab layin injin a shafin, ɗauke da sunan babanta, da wata lamba a gefensa, adadin masu amfani da shi a lokacin. Ya danna wani abu, ya naɗe hannu.

"Ankul, me kake jira?"

"Babanki ne ya koya mana. A fara tsayar da masu shigowa, sannan a jira na ciki su gama. Ya ce ba ka san su ba, amma mutane ne. Ko sabbin ma'aikatan da ba su taɓa ganinsa ba, cewa suke a yi irin na Haruna."

Lambar ta yi ta raguwa har ta tsaya a ɗaya, ta ƙi motsi. Bulus ya miƙa hannu zai gyara zaman kwamfutar, sai Zainab ta riƙe shi.

"Tsaya, saura mutum ɗaya."

Na tashi na shige kicin, don ban so ta ga kukana.

An kashe injin, sunan Haruna ba ya kan shafin yanzu, kuma baƙin cikin bai ragu ba. Amma hali zanen dutse ne. Wani da ba mu sani ba ya gama abin da yake yi ran nan ba tare da an katse shi ba, bai kuma san 'yar wa ta jira shi ba. Allah Ya jiƙanka, ƙanena.