Kyamarar da na yi takaba da ita

Mai gidana hoto yake ɗauka a kasuwanni. Daga Tasawa ya bi Maijirgi, wata rana Bawdeta, da labulensa mai zanen bene da kujerar roba. Yana da aboki da suke kafa labule kusa da juna, su yini suna ƙwacen masu saye, su ci tuwo a kwano ɗaya.

A da, ko a cikin buhu aka sa kyamarorinsu na san tamu. Mai nauyi ce, da rigar fata ja, sai an murɗa ta da babban yatsa. Ta abokin fara ce, wani kamfani ya yi ta. Kowa yana kare kamfaninsa kamar ɗan kokawar garinsu. Mai gidana ya ce ta abokin tana mai da amarya toka, abokin ya ce tamu sai jaki ya ɗauko ta.

Da aka daina sa fim, suka sayi masu kati, kowa daga kamfaninsa. Baƙaƙe duka, da ɗan madubi a baya. Duk sauyin da suka yi, sai ƙara kama suke. Gardamar ma ta mutu. Mai gidana ya ce sunan da ke goshinsu ne kaɗai ya rage, ni kuwa ban san baƙi ba, balle in karanta.

A kasuwar Maijirgi mai gidana ya faɗi. Abokin ya bar komai ya bi shi cikin mota zuwa likita, amma mai gidana bai kai da rai ba. Allah ya jiƙansa. Mai shayin da ke kusa da su ya tattara kyamarorin biyu, ya aiko da su gidan makoki, aka shigo da su ɗakina cikin mata, aka ce in nuna tamu. Ana kallona, an san ni nake goge ta. Ban iya cewa ban sani ba. Na ɗauki ɗaya na rungume, na yi kuka har mata suka taya ni. Aka mai da ɗayar.

Da ita na yi takaba. Na roƙi 'ya'yanmu kada a sa ta cikin rabon gado, su bar mini abu guda da hannunsa ya riƙe. Nakan shafa inda robar ta sule, in ce nan yatsansa yake zama.

Bayan na fita takaba abokin ya zo gaisuwa. Ya zauna a zaure, ya daɗe yana zancen damina, kana ya fito da kyamara daga jaka.

"Uwargida, wannan ce ta marigayi. Tawa ce a wurinki."

Na tambaye shi don me bai faɗa ba tun farko. Ya ce an gaya masa irin kukan da na yi a gaban mutane, bai ga ta inda zai aiko a karɓe ba. Da ta mai gidana ya yi ta aiki duk watannin nan, kuma ko mutum ɗaya bai ce hotonsa ya sauya ba.

Na shiga ɗaki na ɗauko tasa, naɗe cikin kallabina. Sai da na kwance kallabin a gabansa, ban iya ɗaga ido ba. Ya ce babu wanda zai ji daga bakinsa.

Ta gaskiyar tana nan cikin akwatina. 'Ya'yana sun ɗauka ita ce tun farko. Na gwada rungume ta, hawaye suka ƙi zuwa. Har yau in na yi kewarsa, waccan hannuna yake nema.