Ƙasar Sawun Baba

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, can kudu, wajen ƙarshen shekarun tamanin, malaminmu ya ce duk mai zuwa gida hutu ya ɗebo ƙasar garinsu. A cikin ƙasa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ke ba ta ƙamshin nan idan ruwan farko ya sauka, kuma suna fitar da abin da ke kashe ƙwayoyin cuta, har daga irinsu aka samo magungunan asibiti da yawa. To, cututtuka sun fara raina magungunan, shi ya sa ake neman sababbi. Wannan kam ba sai an gaya mini ba. A zangonmu, unguwar Hausawa ta Salaga, kowa likitan kansa ne: mutum ya sayi kafso biyu wurin mai kemis, ya haɗiye ɗaya, ya fasa ɗaya ya barbaɗa a gyambo. Gwaggona ta Bawku haka ta yi ta yi, har gyambon ƙafarta ya daina jin kowane kafso. Ni kaɗai ce 'yar arewa a ajin, na bugi ƙirji na ce zan kawo ta Salaga, ta Yendi da ta Bawku, su san ba doya kaɗai ƙasarmu ta iya ba.

Na dawo gida da 'yan ledoji, na ari cokalin shayin Inna ba da saninta ba. Na ɗiba a gefen garken shanu, na ɗiba kusa da tsofaffin rijiyoyi, sannan na ga wata ƙasa baƙa mai laima a ƙofar maƙwabciyarmu mai koko. Na durƙusa na ɗiba, har da rubuta wurin a jikin leda.

Boko ya mantar da ni abin da kowace 'yar zango ta sani tun tana goye: ba a ɗibar ƙasa inda mutum ya taka. Mai ɗibar ƙasar sawu wurin boka zai kai ta.

Washegari ciwon gwiwar mai koko, wanda ya girme ni, ya tashi. Kafin azahar labari ya gama zango. In na wuce sai in ga mata suna share sawunsu da tsintsiya, yara kuma suna bi ta kan ciyawa. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, ga ni da baki. Na tsaya a bakin famfo ina yi musu bayani da rabin Turanci, na ƙara dagula lissafi.

Da yamma Baffa, yayan mahaifina, ya zo. A gidanmu in ya yi magana an gama. Ya ce a ƙone ledojin, kuma makarantar da ke koya wa 'ya mace kwasar sawun mutane, na gama ta ke nan. Saura 'yan watanni in karɓi digiri. Na shige ɗaki na yi kuka mai isata.

Baba ɗan kasuwar doya ne, bai taɓa zama a ajin boko ba, magana kuma ba ta dame shi ba. Da Baffa ya tafi, ya tsaya a bakin ƙofata.

"Ke, ƙasar nan, cuta za ki yi da ita ko magani?"

"Magani, Baba, in Allah ya yarda."

"To."

Washegari bayan la'asar ya aiko a kira ni ƙofar masallaci, ya ce in zo da cokalina. Jama'a ba su watse ba, Baffa na nan, mai koko na leƙe daga rumfarta. Baba ya tuɓe takalminsa, ya zuba ruwan buta a ƙasa, ya taka da ƙafar dama har sawun ya fito raɗau, yatsu da diddige.

"Ɗebi," in ji shi. Ya juya ga mutane. "In sammu ne, ya fara da ni. Gobe ku duba ni a kasuwa."

Na durƙusa na ɗiba. Ban taɓa jin girman zama 'yarsa kamar ranar ba. Baffa ya gyara hularsa ya kama hanya, bai ƙara tayar da zancen ba. Mai koko dai na mayar mata da ƙasarta, ta zazzage ta daidai inda na ɗebo, ta tattake.

Da safe Baba ya je kasuwa da ƙafarsa, ya saka ni a gaban lorin doya mai zuwa Yendi. Daga can na wuce Bawku, na ɗiba a gonar gero, na duba Gwaggo da ƙafarta a naɗe.

A ɗakin gwaje-gwaje muka raini halittun a farantan gilas, muka haɗa su da ƙwayar gyambo mai taurin kai da aka samo daga asibiti. Yawancin farantan ba su nuna komai ba. Ƙasar sawun Baba, Allah ya ba shi haƙuri, fumfuna kawai ta yi. Amma wata da na ɗebo a gindin kaɗanya a Yendi ta tsiro fari-fari kamar garin alli, kuma kewaye da ita fili ne tas, ƙwayar gyambon ta kasa matsowa. Na yi guɗa a gaban malaminmu, ban ji kunya ba. Abin bai zama magani a kwalba ba, wannan doguwar tafiya ce da ta fi ƙarfin ɗakinmu, amma na ga ƙasarmu ta kori abin da kafso ya kasa, na kuma fito da digirina.

Na kawo wa Baba hoton farantin. Tun daga nan yake yawo da shi a aljihu, duk wanda ya zo cinikin doya sai ya gani. "Ka ga wannan? Ƙafata ce."

Wata rana na kasa haƙuri, na ce, "Baba, gaskiya fa ba ta sawunka ba ce, ta Yendi ce."

Ya dubi hoton, ya mayar aljihu.

"Da ban taka ba," ya ce, "da kin je Yendin?"