Zakkar Farko ta Da'u Mai Rumbu

Da'u mutumin Balan ne a ƙasar Gaya, ya kuma yi zamaninsa a shekarun da suka gabaci basasar Kano. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko sarautar unguwa bai taɓa riƙewa ba. Sana'arsa ginin rumbu. Wurin kawunsa Datti ya koye ta bayan rasuwar mahaifinsa, ya kuma iya ta, har ta kai daga Kademi zuwa Toranke duk mai son rumbun da gara ba za ta ci ba, shi yake aika wa. Da kansa yake zaɓen duwatsun da za a ɗora ginin a kai. Yakan kwaɓa laka da ciyawa ya bar ta ta tsima kwana uku, sannan ya riƙa ɗora ta zagaye-zagaye, ba ya ƙara wani sai na ƙasa ya sha iska. Masu gaggawa sukan yi ƙorafin yana da nawa, amma ba a taɓa jin rumbunsa ya tsage ba.

Nasa rumbun kuwa bai taɓa cika ba. Gonar da ya gada jigawa ce da ta gaji, geron da take bayarwa da ƙyar yake kai iyalinsa tsakiyar damina. Matarsa Wasila, 'yar Kademi, da kaɗin auduga take cike giɓin, suna da 'ya'ya mata uku. Duk kaka Da'u yana ganin manoman garin suna ware dami ɗaya cikin goma su kai ƙofar mai gari, inda limamin garin, Malam Abdulsalam, yake zama a raba wa mabuƙata. Sau biyu, a shekarun fari, an aiko wa gidan Da'u da kaso, ya karɓa ya yi godiya. Amma akwai abin da yake ci masa rai wanda Wasila kaɗai ta sani: yana so kafin ya mutu hatsinsa ya kai nisabi, wato adadin da zakka take wajaba a kansa, shi ma ya fitar ko da sau ɗaya.

Yana da shekara arba'in da 'yan kai wani Bafulatani mai suna Hamma ya zo da garkensa cin rani. Rugarsa ta damina tana wajen Toranke. Manoma masu hali sun yi ta zawarcinsa ya sauka a gonakinsu don taki, wasu har da alkawarin dawa, amma ya zaɓi gonar Da'u saboda tana kusa da rijiya, akwai kuma gawo biyu a cikinta. Da'u ya ce masa ba shi da abin da zai ba shi. Hamma ya ce shanunsa inuwa suke so da ruwa, ba su tambaye shi komai ba bayan wannan.

Rani biyar a jere shanun Hamma suna kwana a gonar. Ƙasa ta yi baƙi, geron ya fara yin zangarniya mai kauri. Mutanen biyu suka shaƙu. Hure matar Hamma takan kawo wa Wasila nono da man shanu, ita kuma ta ba ta daddawa da zare. Hamma mutum ne mai hannu sake. Shanunsa sun haura sittin, kowace shekara yana fitar da zakkarsu, kuma ba mai zuwa rugarsa ya tashi bai sha nono ba.

A damina ta shida labari ya fara zuwa daga gabas cewa wata annoba tana cin shanu. Saniya sai ta daina kiwo, idonta ya yi ta zubar da ruwa, ta kama zawo, cikin 'yan kwanaki ta faɗi. Kafin gero ya nuna cutar ta iso ƙasar Gaya da Ajingi. Da'u ya ji an ce garken Hamma ya ƙare cikin kwana goma sha biyu, ko maraƙi bai tsira ba.

A wannan kakar ce kuma gonar Da'u ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Da aka gama ɗaure dammuna ya kira liman ya duba, liman ya ce babu shakka hatsin ya haura nisabi. Da'u ya ware zakkarsa, dami shida, ya zaɓi waɗanda suka fi kyau. Ya nemi izinin kai wa Hamma da kansa maimakon a haɗa da na gari, aka ba shi.

Da safe ya sa rigarsa ta salla, ya ari jakai biyu, ya bi ta tsakiyar gari. Duk wanda ya tambaye shi ina zuwa, sai ya ce zakka zai kai Toranke. Ya faɗa a bakin rijiya, ya faɗa a maƙera, ya faɗa wa matafiyan da ya haɗu da su a hanya. Bai nufi kowa da sharri ba, farin ciki ne ya cika masa ciki har ya kasa riƙe shi.

Ya tarar da Hamma zaune a bakin ruga tare da wasu dattawan Fulani da suka zo yi masa jaje. Turakun shanu suna nan a kafe, igiyar ɗaure maruƙa tana yashe a ƙasa. Bayan gaisuwa Da'u ya sauke dammunan a gaban kowa ya ce, "Hamma, bana Allah ya nufa na fitar da zakka. Ga ta na kawo maka."

Dattawan suka sunkuyar da kai. Hamma ya daɗe yana kallon hatsin, sannan ya ce, "Allah ya karɓa maka, Da'u. Amma akwai mabuƙata a Balan. Ka mayar musu."

"Ai kai na nufa da ita."

"Na ji. Mu muna nan lafiya."

Ba su nan lafiya. Da'u ya ga yaran gidan a raɓe jikin bukka, ya ga babu hayaƙi a murhu ga rana ta take tsaka. Amma Hamma ya tashi da kansa ya taya shi mayar da kayan kan jakai, ya raka shi har bakin hanya kamar yadda ake raka baƙo.

Da'u ya koma gida ransa a ɓace. Ya ce wa Wasila girman kai zai kashe Hamma da iyalinsa. Ta saurare shi har ya gama, tana murza mazarinta, sannan ta ce, "Malam, lokacin da aka aiko mana da kaso a shekarar fari, wa ya gani?"

Sai ya tuna. Wata tsohuwa ce ta shigo da shi a ƙwarya, an rufe da faifai, kamar mai kawo gaisuwa.

Wasila ta ce, "Mutumin da bara shi yake bayarwa, ka je ka tsaya a kansa da rigar salla a gaban 'yan'uwansa. Kafin ka isa ma rabin ƙasar nan ta san abin da ka ɗauko da wanda za ka kai wa."

Maganar ta zauna masa. Washegari bayan azahar ya sami liman ya faɗa masa duk yadda aka yi, bai rage komai ba. Malam Abdulsalam ya ce, "Zakka ba kyautarka ba ce, Da'u. Haƙƙin mabuƙaci ne Allah ya ajiye a gonarka, kai ɗan aike ne kawai. Niyyarka ta isa, ba sai ka yi shela ba."

"Allah ya gafarta Malam, to yanzu in kawo ta nan a raba?"

"Kana iyawa. Amma yaran can fa suna nan da yunwarsu. Ka fara gyara abin da ka ɓata."

Bayan kwana biyu Da'u ya koma Toranke a ƙasa, da tsohuwar taguwarsa ta aiki, hannu rabbana. Ya sami Hamma shi kaɗai. Ya zauna kusa da shi ya ce, "Na zo neman gafara. Na yi murna da abin da Allah ya ba ni har na manta da halin da kake ciki."

Can sai Hamma ya fara ba shi labarin shanun, ɗaya bayan ɗaya: wadda ya gada wurin mahaifiyarsa, jar nan mai karyayyen ƙaho da take jan garke, bijimin da ya faɗi a bakin rafi suka kasa tayar da shi. Ya ce tun yana ɗan shekara shida bai taɓa wayar gari bai ji kukan saniya ba, yanzu in ya tashi bai san inda zai sa ƙafarsa ba. Da'u bai katse shi ba har la'asar.

Da zai tashi ya ce, "Rani ya kusa. Ku zo ku sauka a gonata kamar kullum."

"In sauka da me? Awaki uku suka rage mini."

"Inuwa tana nan, ruwa yana nan. Ka zo da awakin."

Bayan mako biyu suka zo, suka kafa bukkoki ƙarƙashin gawo. Da'u bai sake ambatar zakka ba. Wasila ce ta sussuke dammunan nan shida ta sheƙe, ta kai wa Hure tsabar a ƙwarya rufe da faifai, sawu-sawu cikin 'yan kwanaki, kamar mai zuwa hira. Hure ta karɓa. Ta ce wa Wasila ita uwa ce, ba za ta tsaya kallon 'ya'yanta suna ramewa ba. Hamma ya ga tuwo a gabansa ya ci, bai tambayi daga ina ba, ko da yake ya sani.

Hatsin ba zai kai su ko'ina ba in ba a yi wani abu ba, Da'u ya san haka. Ya koma wurin liman ya gaya masa akwai gidaje huɗu irin na Hamma a tsakanin Balan da Toranke, waɗanda ba za su taɓa zuwa ƙofar mai gari ba ko za su mutu. Liman ya sa aka ware musu kaso daga zakkar gari, tsofaffin mata suka riƙa kaiwa. Da bazara ta yi, Da'u ya yanki gefen gonarsa na yamma ya ba Hamma aro, ya ba shi iri da fartanya.

Noman Hamma na farko abin dariya ne, shi ma yakan yi dariyar. Hannunsa ya saba da sanda, kwana biyu da fartanya tafinsa ya yi kanta ya fashe. Huɗarsa ta karkace kamar hanyar tururuwa. Ya taɓa cire gero ya bar ciyawa a layi guda cur. Da noman farko ya fi ƙarfinsa, mutanen Balan suka yi masa gayya, Hure da Wasila suka dama fura, aka gama gonar kafin azahar. A kaka ya ɗaure dami goma sha tara. Da'u ya gina masa ɗan ƙaramin rumbu a bayan bukka, Hamma yana miƙo laka.

Ranar da aka ɗora wa rumbun jinka, suna wanke hannu, Hamma ya ce, "Geron da muka ci da rani, na san na wane ne."

Da'u ya ce, "Naku ne."

"Haka liman ya ce da na tambaye shi. Allah ya karɓa."

Hamma bai koma yawon kiwo ba. Mai gari ya ba shi saura, wato tsohuwar gonar da aka daina nomawa, a gefen Balan ya share, sauran gidajen huɗu suka biyo shi, wurin ya zama 'yar unguwa. Bayan shekara huɗu ya sayar da awaki da hatsi ya sayo karsana ɗaya daga arewa, yaran unguwar suka yi ta zuwa kallonta. Shi ne kuma ya zama wanda liman yake tambaya a asirce duk kaka, wane gida ne a rugage yake cikin matsi, don babu wanda ya fi shi gane mai ɓoye yunwa.

Da'u ya fitar da zakka sau biyar a rayuwarsa. Wasu shekarun gonar ba ta kai ba, bai kuma damu kamar dā ba. Ya aurar da 'ya'yansa uku, ta tsakiyar a Toranke. Da gwiwoyinsa suka daina hawa tsani, sai ya koma zama kan turmi a gindin gini yana nuna wa magina inda za su ƙara laka, yana faɗa da masu gaggawa. A duk unguwar Fulanin nan shi ya gina rumbunan farko, bai karɓi komai ba sai fura. Ya rasu da kaka, ana cikin ɗaurin gero, mutanen Balan da na unguwar Hamma suka bar aikin gona a ranar suka kai shi makwancinsa.