Alamar Gidan Kawu Adam

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, ashirin da huɗu ga Yuli, 2005, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran ƙanen mahaifiyata, Adam Manikufanu, yana da shekara saba'in da shida. Saura kwana biyu ƙasarmu ta Maldib ta yi bikin cika shekara arba'in da samun 'yancin kai. Ta ƙarƙashin tutocin bikin aka wuce da gawarsa.

Kawu, ka san ni ba mai yawan magana ba ne. Kai ne kake cewa, "Lauya, kai ko gidanka na cin wuta sai ka duba ƙamus kafin ka yi ihu." Yau ma a hankali zan faɗa, amma ba zan rage komai ba.

A Muliyadu, tsibirin da aka binne cibiyarmu, ba wanda ya taɓa cewa ƙasa tasa ce. Itatuwan kwakwa ake mallaka. Kowane gida yana da alamar da yake sarawa a jikin itacensa. Ta gidanku zane uku ne, na huɗu ya gitta su. Da Turawa suka zo neman wurin kafa turakun rediyon sojansu, kai aka tura, domin kai kaɗai ke jin harshensu. Suka tambayi mai ƙasar. Ka ba su amsar da kowane dattijonmu zai bayar: ƙasa ta Allah ce, itatuwa ne namu. Aka rubuta cewa tsibirin ba shi da mai shi. Kafin iskar damina ta juyo, an kwashe gida sittin an zube a wani tsibiri.

Ba wanda ya zarge ka sai kai kanka. Shekara takwas kana bin tsibirai a jirgin kamun kifinka, kana tara dangwalen yatsa a takardar neman 'yanci, ka ɓoye ta cikin buhun busasshen kifi. Aka kama ka, aka kai ka zaman kora na shekara biyu a arewa. A can ma ba ka zauna ba. Har yau tsofaffin matan wurin suna cewa kai ka koya musu rubuta sunansu a kan yashi. Ka gaya wa mutanenmu cewa ranar da tuta ta zama tamu, gida za mu koma. Sun yarda da kai, kuma ba ƙarya ka yi niyya ba.

Tuta ta zama tamu. Turawa suka cire turakunsu. Sannan namu, masu harshenmu da alƙiblarmu, suka zaro waccan takarda da Turawa suka rubuta, suka karanta cewa tsibirin ba shi da mai shi, suka ba wani kamfanin masaukin baƙi haya. An ce baƙin suna ɗaukar hoton alamarku a jikin kwakwa, suna zaton ado ne.

Duk shekara ana aiko maka da katin bikin 'yancin kai. Sau ɗaya ka je. "Kujera suka ba ni a layi na uku, Lauya, da lemo mai sanyi. Ni tsibiri na roƙa."

Da ciwo ya kwantar da kai, abu ɗaya ka nema a wurina: izinin a binne ka a tsohuwar maƙabartar Muliyadu, kusa da mahaifinka. Shekara ashirin da biyu ina aikin gwamnati. Na san ƙofar da ake bugawa. Ban buga ba. Na yi mako biyar ina gyara wasiƙa, ina cire duk kalmar da za ta ɓata wa wani rai. Amsa ta zo cikin layi biyu: sabon kabari zai tayar wa baƙi hankali. Na ninke ta na sa a aljihu.

"An amsa?" in ji ka.

"Ana dubawa, Kawu."

"Ka iya Turanci, ɗan yayata, amma ba ka iya ƙarya ba." Ka juya fuska wajen bango. Bayan kwana uku ka tafi.

A tsibirin da aka zube mu muka rufe ka. Washegari 'yarka Sanfa ta ɗauko wuƙar hawan kwakwarka, ta sara zane uku da gicciye a allon kabarin, tun kafin a kafa shi. Ta miƙo mini wuƙar, ta ce, "Yaya, tunda ka iya wasiƙa, ka rubuta musu cewa wannan yana da mai shi."

Ga shi na rubuta, Kawu, a makare.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya saukar da kai a gidan da ba a korar kowa. Ina yi wa Sanfa da 'ya'yanta ta'aziyya, da sauran mutanen Muliyadu a duk inda aka watsa su. Allah ya ba mu haƙuri, ya yafe mini shiruna.

Zakariyya Didi