Sau Biyu a Rana

Shekarata biyu da gama karatun lissafi ina zaman gida a Yantala lokacin da aka kira ni aiki a wani asibitin masu ciwon ƙirji a nan Yamai. Babban likitan wurin, dattijon da kowa ke ce wa Lokotoro, yana bincike a kan masu fuka da wata ƙwaya da ake ba su don numfashi ya sake. Ƙwayar tana da wuyar sha'ani. In ta yi kaɗan a jini ba ta aiki, in ta yi yawa zuciya ta hau bugu, amai ya biyo baya, wani lokaci har abin da ya fi haka. Aikina shi ne in lissafa yawan maganin da ke jinin mutum a kowace sa'a, don kada a riƙa tsira wa bayin Allah allura a kai a kai. Wata uku aka ba ni na gwaji. In lissafin ya yi, in zauna. In bai yi ba, in koma inda na fito.

Irin wannan lissafi ba a samun amsarsa da tsalle ɗaya. Abin da ke hannuna ƙa'ida ce kawai: in maganin da ke jini ya kai kaza yanzu, to da saurin kaza yake shigowa daga hanji, da saurin kaza hanta ke fitar da shi. Kamar randa ce mai yoyo ana zuba mata ruwa. Sai mutum ya tsaya inda yake, ya duba saurin, ya yi taki ɗaya gaba, a ce minti goma, ya sake dubawa, ya sake takawa. Ordinatar, wato kwamfuta, ce ke yin takun, ni ke gaya mata tsawonsa. Wanda ya faɗaɗa taki don gaggawa ya ɓace hanya, wanda ya ƙanƙanta shi kuwa, sannu ba ta hana zuwa. A ƙarshe sai layi ya fito a allon, yana hawa bayan an sha ƙwaya, yana sauka a hankali.

Ina son layin nan, ba zan ɓoye ba. Ranar da ya fara fitowa na yi minti biyar ina kallonsa ina murmushi ni kaɗai.

Da safe ake ɗibar jinin marasa lafiya, kafin su sha ƙwayar farko. Kowane sakamako sai in ɗiga shi a kan zanen. Na wasu ya zo ya zauna a kan layina daram. Na wasu kuwa, kuma ba kaɗan ba ne, ya faɗi can ƙasa, kamar ba su san da ni ba. Su ne kuma ke dawowa da kukan ƙirji na kama su gab da asuba.

Ran wata Litinin Lokotoro ya sauke tabarau ya dubi zanen, ya dube ni.

“Ɗiyata, jini ba ya ƙarya. Takarda ce ke yi.”

Ya ce a taron Alhamis zai ajiye lissafin gefe, ya ƙara wa waɗanda nasu ya yi ƙasa yawan ƙwaya. Bai ce an sallame ni ba, amma ba sai an gwada wa mai ido hanya ba. Na fito raina a ɓace. A taksi na yi wa direba masifa don ya bi ta Plateau, alhali ni na ce masa ya bi ta can. Ina da zuciya, kowa a gidanmu ya sani.

Da na huce sai na yi abin da aka koya mini. Na raba takin biyu na sake lissafi. Layin bai motsa ba. Na sake raba shi, har ya koma ƴan daƙiƙu, ordinatar tana nishi. Bai motsa ba. Na bar hanyar da nake bi na ɗauki wata, wadda ke duba saurin sau huɗu kafin ta yi taki ɗaya. Layi ɗaya ta ba ni, ko gashi bai bambanta ba. A sana'armu wannan shaida ce: in ka ƙanƙanta taki amsa ta ƙi canzawa, to laifin ba na takun ba ne. Na ji sanyi a raina, amma sanyin bai kai ni Alhamis ba, don jinin ma gaskiya yake faɗi.

Ruwa ba ya tsami banza. In layi gaskiya ne, jini gaskiya ne, to cikin abin da na ba ordinatar akwai ƙarya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Nauyin jiki daidai yake. Taba tana sa hanta ta yi saurin fitar da maganin, amma masu shanta a cikinsu ba su taka kara sun karya ba. Saura lokaci. Ni na rubuta ƙwayar farko ƙarfe takwas na safe, ta biyu ƙarfe takwas na dare, yadda takardar binciken ta tsara. Don wasa kawai na ja ta biyun baya da awa ɗaya. Layin ya ɗan sauko. Na ƙara ja. Ya ƙara saukowa. Da na kai wajen ƙarfe biyu na rana sai ga shi ya ratsa tsakiyar ɗigon nan da suka yi mini tawaye. 

Na jawo kayen, wato littafin da ake rubuta marasa lafiya, na duba wajen sana'a. Waɗanda suka zauna a layi tun farko kusan duk ma'aikatan biro ne, masu zaman ofis. Na ƙasan kuwa teloli ne da direbobi da ƴan kasuwa.

Talata da safe na sami babbar ma'aikaciyar jinya, wadda muke kira Majo, ita ce ke miƙa wa kowa maganinsa.

“Majo, in kin ba mutum ƙwayar nan, mi kike ce masa?”

“Mai karatu ya karanta ordinansinsa, takardar likita, an rubuta safe da dare da Faransanci. Wanda bai karatu in ce masa sau biyu a rana. Ko yau za ki koya mini aikina?”

Na rantse mata ba haka ba ne, na nuna mata zanen. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗauki mayafinta ta ce in taso.

A Zongo muka sami ɗaya daga cikinsu, wani dattijon tela mutumin Tawa, a shagonsa yana ɗinkin babbar riga. Numfashinsa har daga bakin ƙofa ana jin fitonsa. Bayan gaisuwa Majo ta tambaye shi ko yana shan maganinsa.

“Ko sau guda ban taɓa hwashi ba, Hajiya.”

Na ce, “Baba, da wane lokaci kake sha?”

“Guda da sahe, guda bayan azahar.”

“Ba da dare ba?”

Ya tsayar da keken ya dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda karatu ya ɓata.

“Ɗiyata, sau biyu a rana anka ce mini. Ni kuwa ba ni ƙetare maganar likita. Tun rana ba ta hwaɗi ba nika gamawa da su. Dare ai ba rana ba ne.”

Majo ta dafe kai ta hau salati. Ni kuwa dariya ta kama ni, har da hawaye, har sai da na ba dattijon haƙuri. Bai yi kuskure ba ko kaɗan. Ordinatar a biro ta ce ƙarfe biyu, ga shi bakinsa ya ce bayan azahar. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba.

Majo ta wuni Laraba tana buga wa sauran waɗanda nasu ya yi ƙasa waya. Ba duka ba ne, amma da yawansu amsar telan suka ba ta. Wani direba ya ce shi haɗa biyun yake da safe, don kada rana ta ƙwace masa a hanya.

Ran Alhamis na tashi a gaban taro. Na nuna layi biyu, na takwas na dare da na biyu na rana, na ce in aka ƙara wa mutanen nan ƙwaya alhali suna shan biyun kusa da kusa, da la'asar maganin zai haura inda ake tsoro, da asuba kuma ya sake yin kaɗan. Lokotoro ya saurara har ƙarshe, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

“Tela ɗaya da waya ba bincike ba ne,” in ji shi.

Zuciyata ta taso, na danne ta da ƙyar. Na ce, “Lokotoro, kada a ƙara wa kowa komi. A canza magana kawai, a ce ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan magariba. Yau zan rubuta abin da za a samu a jinin kowannensu, in ba ka ka kulle a durowa. In na faɗi, da ƙafata zan tafi.”

Ya yarda, ina jin don ya rabu da ni ne.

Mako uku na yi ba na jin ɗanɗanon tuwo. Ranar da sakamako ya fito ya kira ni biro tare da Majo. Ya buɗe durowa ya miƙo mini takardata, ya riƙe ta awon jini a hannunsa. Ya ce in karanta nawa, ya karanta nasa.

Na faɗi na farko. Ya duba, ya faɗi nasa. Tazarar ba ta kai a yi magana ba. Na biyu haka. Na uku ya ɗan kauce, sai Majo ta ce ai wannan ya yi zazzaɓi a makon. Na huɗu telan Zongo ne, ya zauna daidai, Majo ta ƙara da cewa matarsa ta ce yanzu sai ladan ya tashe shi. Muka ci gaba, ni in faɗa, shi ya duba, muryarsa tana ƙara yin ƙasa.

Muna tsakiya sai ya kifa takardarsa a kan tebur. Ya jawo fayil ɗin wata mata da aka kwantar da safen nan, wadda ba a ko ɗebi jininta ba tukuna, ya turo mini.

“Madam,” ya ce, “wannan fa, nawa za mu fara ba ta?”