Kwana Tara Butar Malam Ba Ta Ragu Ba

Shekarar da annoba ta sa aka rufe masallatai, damina biyu da barinmu Abakpa zuwa Unguwar Shanu, ita ce shekarar da ciwon rawar jiki ya hana Malam, maigidana, riƙe alƙalami. Wannan kowa ya gani. Abin da ni kaɗai na gani, buta ce.

Shekara arba'in ni ke cika masa ita. Sai na ga tana shiga bayan gida tana fitowa kusan yadda na cika ta. Kwana tara. Ciki ya yi tauri kamar ƙwarya, tuwo ya daina shiga, ƙwayar rawar jikin ma ta daina kama shi. Mace ba ta tambayar mijinta wannan, ba haka aka raine ni ba. Na dafa ganyen filasko mai sakin ciki na ce shayi ne. Murɗa kawai ya sha.

Ƙanensa ya kai mu asibiti. Likitar, yarinya sa'ar jikata, ta dube shi ido cikin ido.

"Baba, yaushe rabonka da bayan gida?"

Innalillahi! Na ja mayafi na rufe fuska.

"Lafiya lau," in ji Malam.

"Baba, in hanjin nan ya toshe, sai wuƙa fa."

Jin wuƙa, bakina ya buɗe da kansa. "Kwana tara ne, 'yar nan."

Malam ya yi mini kallon da bai taɓa yi ba.

Ta ce ciwon da ke rage masa tafiya shi ke rage wa hanji tafiya, in ciki ya ɗaure kuwa ƙwayar ba ta ratsa jiki. Ta rubuta garin magani, a dama kullum a kofi cike, a yi ta bin sa da ruwa. Nan Malam ya sunkuyar da kai ya ce wata uku ke nan yana ƙin shan ruwa da gangan, don alwalar azahar ta kai shi isha'i, tunda hannun ɓarar da ruwan yake yi, shi kuma ba ya roƙo. A gabana! Ni da nake tunƙaho ina gane tarinsa cikin maza ɗari!

Daga ranar ni ke zuba masa ruwan alwala sau biyar, ni ke dama garin. Kwana na uku buta ta fito wayam.

Malam ya rasu bara, wuƙa ba ta taɓa cikinsa ba. Cikin waɗanda suka ji maganar, saura ni da ƙanen nasa, sai likitar, in tana nan.